Kitsen hanta da ciwon sukari: yadda za ka duba hantarka, ka rage mata kaya

Da yawa daga cikin masu ciwon sukari a Garwa, Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, ba neman ciwon hanta ne ya kai su ɗakin hoto ba. An tura mutum ekografi, wato hoton cikin ciki, saboda ciwon ciki ko ƙoda, sai takarda ta fito da layi ɗaya cikin Faransanci: "stéatose hépatique". Ma'anarsa kitse ya taru a hanta. Galibi sai a ninke takardar a jefa aljihu, tunda hantar ba ta ciwo, hankali kuma duk yana kan sukari. Ninke takardar nan kuskure ne da muke so a daina. Kitsen hanta da ciwon sukari irin na manya, wanda likitoci ke kira nau'i na 2, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, saiwarsu ɗaya. Fiye da rabin masu irin wannan ciwon sukari suna da kitse a hanta, kuma wanda yake da kitsen hanta amma sukarinsa bai hau ba tukuna, haɗarin kamuwarsa ya kusa ninka na wanda hantarsa take kalau.

Ana cewa hanta ta yi kitse idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin ɗari nata. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar suna zuwa MASLD, domin sunan ya nuna cewa daga lalacewar yadda jiki ke sarrafa abinci take tasowa. Za ka iya ganin tsohon sunan, NAFLD, a wasu takardu. Cuta ɗaya ce.

Yadda abin yake ƙulluwa

Hanta rumbun jiki ce. Idan ka ci tuwo ya narke ya zama sukari a jini, ita ke ɗibar wani kaso ta ajiye. Da dare kana barci, ko kana azumi, ita ke buɗe rumbun tana sakin sukari kaɗan-kaɗan don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abinci. Mai ba da umarnin buɗewa da rufewa shi ne insulin, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa, wato wata gaɓa mai tsawo da ke kwance a bayan tumbi. Da zarar abinci ya shiga, insulin yana kai saƙo gida uku. Ya ce wa tsoka ta karɓi sukari. Ya ce wa kitsen jiki ya zauna inda yake, kada ya narke ya shiga jini. Ya ce wa hanta ta rufe rumbu, abinci ya iso.

Idan teɓa ta yi yawa, zama ya yi yawa, zaƙi kuma yana shiga safe da yamma, sai gidajen nan uku su fara yi wa saƙon kunnen uwar shegu. Wannan shi ne rashin jin insulin. Fankiriyas ba ta haƙura, sai ta ɗaga murya, ta riƙa zubo insulin ninki-ninki. Shekaru ana haka sukarin jini yana fitowa daidai a gwaji, mutum yana ganin lafiyarsa lau, alhali kuwa da ƙyar ake riƙe shi.

A wannan tsakanin ne hanta ke cika. Kitsen jiki ya daina jin "zauna", yana ta tsiyaya cikin jini, kuma kitsen da ke cikin ciki, tsakanin hanji, jijiyarsa kai tsaye hanta take zuba. Shi ya sa teɓa ta fi kitsen cinya da na ɗuwawu illa. Ita hantar kuma rabin saƙo take ji. Ta toshe kunne ga "rufe rumbu", tana ta sakin sukari, amma tana jin ɗaya umarnin insulin ɗin sarai, wato ta mayar da rarar sukari kitse. Insulin ya yi yawa, ita kuma tana ta ƙera kitse tana tarawa a jikinta. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan cuta, ya gano kusan kashi 60 cikin ɗari daga kitsen jiki ya tsiyayo, kimanin kashi 25 hantar ce ta ƙera shi da kanta daga sukari da abinci mai sitaci, kashi 15 kacal ne ya zo kai tsaye daga man da aka ci. Saboda haka wanda ya daina cin kitsen rago amma bai taɓa kofin shayinsa ba, bai kama bakin zaren ba.

Hantar da ta cika da kitse ƙara toshe kunne take yi, sukarin da take saki ya ƙaru, fankiriyas ta ƙara wahala. Ran da ta gaji, ran ne ciwon sukari ke bayyana a takarda. Nan ne kuma amsar tambayar da masu ciwon sukari ke yawan yi: "Ban ci komai ba tun isha, me ya sa sukarina na asuba ya fi na dare?" Hanta ce ta kwana tana zubowa.

A jikin mafi yawan mutane kitsen yana zaune ne kawai. A jikin wasu kuwa yana jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta haɗuwa har hanta ta ƙeƙashe ta taurare, abin da ake kira sirosis, daga nan kuma ƙofar sankarar hanta ta buɗe. Ciwon sukari yana daga cikin manyan abubuwan da ke gaggauta wannan tafiya. Amma a sani, abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa duk wanda aka ce masa yana da shi dole a duba hawan jininsa da kitsen jininsa.

Abin da za ka duba a gida

Ari tef ɗin tela. Ka tsaya, ka ɗaga riga, ka saki ciki kada ka matse, ka zagaya tef ɗin a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya ke nan, ka karanta bayan ka fitar da numfashi. Namiji daga santimita 94, mace daga santimita 80, an shiga layin da ake sa ido. Idan babu tef, igiya ta wadatar: auna tsawonka da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawonka, kuma ya yi yawa. Wannan awo ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin akwai siraran mutane masu 'yar teɓa a gaba waɗanda hantarsu ta yi kitse.

Sannan a duba bayan wuya da hammata. Idan fatar wurin ta yi baƙi, ta yi kauri da laushi kamar karan-miski, ana ta dirza da soso ba ta fita, ba dauɗa ba ce. Yawan insulin ne ke sa fata yin haka, kuma ana ganinsa har a jikin yara masu ƙiba. Macen da ta yi ciwon sukari lokacin goyon ciki, ko ta haifi jariri da ya wuce kilo 4, ko al'adarta take tsallake watanni tare da fitowar gashi a haɓa, ita ma ta sa kanta cikin masu zuwa gwaji.

Gwaje-gwajen da za ka nema, da yadda ake karanta su

Ka je da safe, bayan awa 8 aƙalla ba ka ci komai ba. Ruwa zalla ba ya ɓata gwajin, shayi mai sukari yana ɓatawa.

Na farko sukarin jini kafin karin kumallo, "glycémie à jeun" a takarda. Dakunan gwajinmu da giram cikin lita suke rubutawa, da waƙafi a tsakiya. Ƙasa da 1,00 daidai ne. Daga 1,00 zuwa 1,25 ana bakin kogi. Daga 1,26 zuwa sama, idan an maimaita wata rana aka sake samu, ciwon sukari ne. Na'urar gida takan nuna lambar ba waƙafi, wato 126 a maimakon 1,26, kada wannan ya ruɗa ka. Akwai kuma HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na watanni biyu zuwa uku: daga 5,7 zuwa 6,4 bakin kogi, daga 6,5 ciwon sukari. Sai dai gwajin nan a jikin jajayen ƙwayoyin jini ake auna shi, don haka mai sikila, mai ƙarancin jini da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, lambarsu tana iya yin ƙarya. Su gaya wa likita tun kafin a ɗebi jinin.

Na biyu ALAT da ASAT, sinadarai biyu a jini waɗanda ke tashi idan ƙwayoyin hanta suna jin jiki. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Takarda takan sa iyaka a wajen 40, mutum ya ga 35 ya ce hantarsa lafiya. Likitocin hanta suna sa ido tun daga sama da 30, kuma ana samun mai tabo sosai a hanta wanda ALAT ɗinsa bai motsa ba. Shi ma hoton ekografi ba ya ganin kitse da kyau sai ya kai wajen kashi 20 zuwa 30, kuma ba ya auna tabon farko-farko. Idan hoto ya ce akwai kitse, akwai. Idan bai gani ba, ba a wanke hantar ba tukuna.

Na uku, wanda a ƙasarmu bai kamata a tsallake shi ba ko sau ɗaya: gwajin ciwon hanta nau'in B da C, AgHBs da anti-VHC. A Kamaru kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da nau'in B, arewa kuma ta fi kudu, yawancinsu ba su sani ba. Ɗora wa kitse laifin tashin ALAT ba tare da an duba wannan ba ganganci ne, domin nau'in B yana da maganin da ke danne shi, nau'in C kuma ana warkewa daga gare shi. Manyan asibitocin yanki da reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa suna yin waɗannan gwaje-gwaje. Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin alluran jarirai a Kamaru a 2005, saboda haka wanda aka haifa kafin nan, idan gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cutar kuma ba shi da kariya, ya nemi allurar, sau uku ake yi. Masunta da manoman shinkafa na Lagdo, Maga da Yagwa su faɗa wa likita sana'arsu, domin tsargiyar hanji ita ma tana barin tabo a hanta.

Na huɗu ƙirgan jini, NFS. Abin da ake nema a ciki shi ne layin "plaquettes", ƙwayoyin da ke daskarar da jini, domin sukan ragu idan hanta ta fara taurara. Da su ake yin wani lissafi mai suna FIB-4, wanda ba ya cin ko dala bayan kuɗin gwajin, kuma shi ne matakin farko da ƙungiyoyin likitocin sukari da na hanta suka ce a yi wa kowane mai ciwon sukari nau'i na 2. Ga yadda ake yi da kalkuletar waya. Ka ninka shekarunka da ASAT, ka ajiye. Ka ɗauki ALAT ka danna alamar √, abin da ya fito ka ninka shi da adadin ƙwayoyin, amma ka cire sifili ukun ƙarshe, wato 200 000 ya zama 200. Sai ka raba lambar farko da ta biyu. Misali mai shekara 52, ASAT 40, ALAT 49, ƙwayoyi 200 000. Hamsin da biyu sau 40 ya ba da 2080. Alamar √ a kan 49 ta ba da 7, sau 200 ya zama 1400. An raba 2080 da 1400, an samu 1,49.

Ƙasa da 1,3, da wuya a ce akwai babban tabo, sai a maimaita bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Sama da 2,67, a nemi likitan hanta ba da jinkiri ba. Tsakaninsu, kamar mutumin misalinmu, ana bukatar FibroScan, na'urar da ake ɗorawa a gefen haƙarƙarin dama ta auna taurin hanta cikin 'yan mintoci ba tare da allura ba. A awon na'urar nan, ƙasa da 8 hankali ya kwanta, daga 12 zuwa sama abin dubawa ne sosai. An fi samunta a Yawunde da Duwala, likitanka zai faɗa maka mafi kusa. Wanda ya kai shekara 65, iyakarsa ta ƙasa 2,0 ce, wanda bai kai 35 ba kuma lissafin ba ya kama shi da kyau. Kada a yi lissafin nan da jinin da aka ɗiba ana cikin zazzaɓin cizon sauro, domin zazzaɓin yana kayar da ƙwayoyin, lambar ta hau ta tayar da hankali a banza. A jira makonni kaɗan bayan an warke.

Fara da abin sha

Sukarin da muke sa wa shayi rabi biyu ne a haɗe. Rabi ɗaya duk jiki yana amfani da shi. Ɗaya rabin, furuktos, yawancinsa hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya zo da yawa a lokaci guda, a narke cikin ruwa, kitse take mayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya wuce kimanin giram 50 na sukarin da aka ƙara a rana, idan ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya giram 5 ce zuwa 6. Wato goma ce iyaka, biyar ta fi.

To ka yi ƙirga na kwana uku kafin ka sauya komai. Duk ƙwayar da ta shiga kofinka, ka jefa tsakuwa ɗaya a aljihu, da dare ka zube su a tabarma. Wanda ke shan ƙaramin kofi biyar daga asuba zuwa hirar dare, kowanne da ƙwaya uku, ya sha goma sha biyar, giram 75 ko fiye, bai ƙirga kunun safe ba, bai ƙirga zoɓon rana ba, wanda a nan aka fi sani da folere. Kwalbar lemo mai rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50 ita kaɗai. Idan mai shayin tasha ne ke haɗa maka, ko ana dafa shi da sukarin a cikin buta, ƙirgan ba zai yiwu ba, sai ka ce a zuba maka kafin a sa sukari, ka sa da hannunka.

Yanke shayi gaba ɗaya rana guda ba ya ɗorewa, kuma shayin kansa ba shi da laifi. Rage ƙwaya ɗaya a kowane kofi duk mako, ka ƙara citta, kanumfari ko na'a-na'a su rufe gurbin. Cikin wata guda harshe yana sabawa. Lemon kwalba kuwa a bar shi kwata-kwata. Zuma ba mafita ba ce, furuktos ɗin da ke cikinta ya kusa kai na sukari. Madarar gwangwani mai kauri ita ma sukari ce fiye da rabinta idan aka cire ruwa. Zoɓo a jiƙa shi a gida ba sukari. Gahawa ba sukari, kofi biyu zuwa uku a rana, bincike da dama sun alaƙanta ta da ƙarancin tabon hanta, ga wanda ba ta hana shi barci ko sa masa bugun zuciya. Giya, bilbil da arki kuwa, hantar da ke fama da kitse ba ta da wurin ɗaukarsu, mai tabo kuma ko kurɓi ɗaya kada ya yi.

Sai tuwo. Ba a ce ka bar dawa da gero ba, su ne ma suka fi farar shinkafa da burodi. Gyara biyu ake so. Na ɗaya, uwargida ta rage surfe, a niƙa hatsin da dusarsa, ko masakwa ce ko jar dawa, domin dusar ce ke rage saurin hawan sukari. Na biyu, malmala ta zama daidai dunƙulen hannun mai ci, guda ɗaya. A faranti ɗaya da mutum biyar ba wanda ya san abin da ya ci, saboda haka a ɗebar maka naka a kwano, ka zauna tare da kowa ka ci. Miya ta fi tuwon yawa: kuka, kuɓewa, lalo, tafasa, yakuwa, zogale, da ɗan mai kaɗan, cokali ake aunawa, kada a tuttula daga kwalba. A gefe a samu kifi, wake, ƙwai ko nama marar kitse kamar tafin hannu. Fara da miya da kifin kafin ka kai loma ga tuwo.

Kunu yana hawar da sukari da sauri fiye da tuwon da aka yi da hatsi iri ɗaya, saboda ya riga ya narke. Kunu da fanke, ko burodi da shayin madara, shi ne karin kumallon da ya fi wahalar da hanta. Dafaffen wake, ƙwai, ko kindirmo ba sukari da 'yar fura kaɗan sun fi riƙe ciki. Lokacin mangwaro a sha guda ɗaya matsakaici bayan abinci, kada a zauna gaban tasa, kada kuma a matse shi a sha ruwan. Gyaɗa da riɗi suna da kyau, cikin tafin hannu ɗaya a rana, amma a tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta motse ko take ɗaci a zubar. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai nau'in B.

Nawa za a rage

Rage kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki yana rage kitsen hanta. Kashi 7 yana kwantar da kumburi. Kashi 10 yana iya sa tabon kansa ya ja baya. Ga mai kilo 90, kilo 4 da rabi ke nan, sai 6 da ɗoriya, sai 9. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, gaggawar da ta wuce haka tana jawo tsakuwar matsarmama. Hanta tana saurin amsawa. Farfesa Roy Taylor na jami'ar Newcastle a Ingila ya nuna a 2011 cewa masu ciwon sukari da aka rage wa abinci sosai ƙarƙashin kulawa, cikin mako guda kitsen hantarsu ya faɗi da kusan kashi 30, sukarin asuba ya dawo daidai. A babban gwajin da ya biyo baya, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, kashi 46 cikin ɗari sun kai shekara sukarinsu yana daidai ba tare da maganin sukari ba, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 kuwa kashi 86. Mutanen da ciwonsu bai wuce shekara shida ba aka ɗauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A bambance wannan da ramar da ke zuwa da kanta. Wanda yake zubewa ba tare da ya rage abinci ba, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare, sukarinsa ne ya yi sama yana fita ta fitsari. Asibiti zai nufa a ranar.

Tsoka ce babbar mai shan sukari, kuma idan tana aiki tana jan sa ko da insulin bai ce mata komai ba. Minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato minti 30 kwana biyar, yana rage kitsen hanta ko sikeli bai motsa ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Kusiri ke haura 40, a yi ta bayan sallar asuba. Tafiyar minti goma bayan tuwon dare tana rage hawan sukarin da ke biyo abinci. Ɗan kasuwar da ke wuni a shago, da mai babur, su miƙe duk rabin awa zuwa awa. Sau biyu a mako a ba tsoka nauyi: tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar, ɗaga jarkar ruwa, noma.

Magunguna

Maganin sukari metformin ba ya cutar da hanta mai kitse, kada a daina shi don an ga "stéatose" a takarda. Ba ya narkar da kitsen shi kaɗai, amma yana rage sukarin da hanta ke saki. Likita yana dakatar da shi ne idan ƙoda ta yi rauni sosai ko hanta ta kai ga gazawa. Haka magungunan kitsen jini da sunansu ke ƙarewa da "statine": mai kitsen hanta yana iya shansu, kuma su ne ke kare zuciyarsa.

Wanda yake kan glibenclamide ko allurar insulin, ya ga likita kafin ya rage tuwo da sukari. Abinci ya ragu, magani yana nan yadda yake, sukari sai ya faɗi. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa, na'ura kuma ta nuna ƙasa da 0,70. A nan sukari magani ne: ƙwayar sukari uku a ruwa nan take, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a ci abinci. Irin wannan mutum kada ya fita ba ƙwayar sukari uku a aljihu.

Akwai magungunan sukari da ke taimakon hanta kai tsaye. Allurar semaglutide da 'yan uwanta suna rage nauyi da kumburin hanta, dapagliflozin da empagliflozin suna rage kitsen, amma suna ƙara fitsari, abin lura ne a ƙasar zafi da lokacin azumi. Pioglitazone yana gyara kumburin, sai dai yana tara ruwa a jiki, ba a ba mai ciwon zuciya, kuma Faransa ta janye shi daga kasuwarta a 2011. A 2024 Amurka ta amince da resmetirom, maganin farko da aka yi wa wannan cuta musamman. Yawancin waɗannan suna da tsada, kuma likita ne ke zaɓa.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ake saye a tebur. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata da amare ke sha, da yawa daga cikinsu dexamethasone ne ko danginsa. Suna toshe kunnen jiki ga insulin, su tara kitse a ciki da fuska da hanta, su jawo ciwon sukari ga yarinyar da ba ta da shi. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma yana ratsa fata. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, yin haka yana da haɗari, likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ba a san abin da ke ciki ba su ma a bar su, domin duk abin da aka haɗiya hanta ce ke fara karɓarsa. Paracetamol kada ya wuce giram 3 a rana, mai sirosis kuma giram 2.

Azumin Ramadan yana iya rage kitsen hanta idan buɗa-baki bai rushe aikin ba. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, a yi salla, a dawo ga miya da kifi, kunu kofi ɗaya ba sukari, soye-soye kaɗan. Mai shan maganin sukari ya je a daidaita masa wata guda ko biyu kafin azumi. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 0,70 ko sama da 3,00 da rana, ya karya. Mai sirosis ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka.

Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta awon ciki da nauyi sau ɗaya a wata, HbA1c duk wata uku zuwa shida, ALAT, ASAT da ƙirgan jini duk shekara, ka ajiye takardun wuri ɗaya don a riƙa kwatanta FIB-4 na bana da na bara. Wanda aka tabbatar masa da sirosis, ekografi duk wata shida don neman sankara tun tana ƙarama. Idan ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ciki ko ƙafafu suka kumbura, aka yi aman jini, bayan gida ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, ko mutum ya fara ruɗewa yana barcin rana yana farkawar dare, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, a tafi da littafin da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.